Arozuwar Arba'in

Jiya da la'asar wani cikinku, ba zan kama suna ba, ya tsaya bakin rumfar nan yana kallona ina haɗa mazurari, ya ce wa abokinsa wai wannan ai ba sana'a ba ce, yankan gwangwani ne kawai, ko shi aka ba almakashi zai yi. Na ji shi sarai. Kunne ɗaya ne guduma ta kashe mini, ɗayan yana nan da ransa. To, ku gyara zama. Ni ne Idi, wanda mutanen Matamai suke kira Idi Dalma, kuma tun kafin a haifi iyayen wasunku nake yankan gwangwanin nan.

Aiki na farko da na yi da hannuna mazurari ne, na wata mai sayar da kananzir da ake kira Iya Tabawa. Lokacin shekarata biyu a gaban maigidana, marigayi Baba Ɗanjuma, kuma duk tsawon shekarun nan bai bar ni na taɓa ƙarfen liƙi ba. Aikina shi ne in fasa garwa, in buɗe ta, in shimfiɗa bisa gungume, in yi ta bugu da gudumar itace har ta kwanta kamar takarda. In ya shafa da tafin hannu ya ji tudu ko da ɗaya ne, sai ya miƙo mini in sake. Ranar da ya yarda in yi mazurarin, na yanka, na naɗe, na goge bakin da ruwan batir, na zaro ƙarfe daga garwashi na narkar da dalma na bi layin. Ya yi kyau ƙwarai, har ina ɗaga shi sama don masu wucewa su gani. Iya Tabawa ta tafi da abinta. Kafin azahar sai ga ta, zanenta na warin kananzir, ta ce mazurarin nan baki biyu gare shi, ɗaya na kwalba, ɗaya na ƙafarta. Baba Ɗanjuma ya karɓa, ya toshe ƙasan da yatsa, ya cika shi da ruwa, ya riƙe saitin tsakar kaina. Haka na zauna yana ɗiga har ya ƙare. Sannan ya ce, "Gobe kafin ka ba mutum abu, ka fara zuba masa ruwa ka gani."

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Almakashi babba da ƙarami, gudumar ƙarfe da ta itace, awartaki, magagari, ƙarfen liƙi mai kan jan ƙarfe, da ƙusa wadda aka wasa don huji. Sai uwar maƙera, wadda tamu guntun ƙarfen reluwe ce da wani ya ɗauko tun daga Kano. Wahalar ba a kayan take ba, a zafin ƙarfe take. In bai yi zafi sosai ba, dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. In ya wuce, ta gudu ta bar maka layin fanko. Ba mu da abin awo, kusa da kumatu ake kawo shi a ji. Shi ya sa in kuka duba tsofaffin masu sana'ar nan za ku ga gemunsu ya fi cika a gefe ɗaya.

Bayan an samu mulkin kai, gwamnati ta ce gyaɗa ce arzikin ƙasa. Rediyo ya faɗa, ma'aikatan gona suka faɗa, mu kuma muka gani da idonmu. Aka kafa injin matsar mai a gefen gari, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga suna fita, buhuna sun taru kamar tsauni. Mu ma ruwan ya taɓa mu. Tiyar awo, mazurari, tulun mai, fitila aci-balbal, duk muna yi ba ma ajiyewa. Abin da ya fi tafiya shi ne akwatin ƙarfe mai zanen fure. Na tuna wani manomi daga Yauri da ya sayar da gyaɗarsa ya zo ya ce in yi masa akwati mai kwaɗo biyu. Na ce me zai ajiye a ciki. Ya ce tukuna bai sani ba, amma maƙwabcinsa yana da mai kwaɗo ɗaya.

Sai fari na farko ya zo. Ruwa ya ɗauke, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka gangaro da 'ya'yansu. Ana cikin haka muka kwana da farar hula muka tashi da soja. Da ruwa ya dawo kuma, wata cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya ƙanƙance, aka tona ba kome. A hankali injin nan ya yi shiru. Gwamnatin soja ta ce yanzu kuma hatsi ne arzikin ƙasa, kowa ya noma abin da zai ci. Mu dai sabon aiki ya ƙare, sai faci. Wata mata ta taɓa kawo mini kwanon sha mai faci bakwai, ta ce in toshe na takwas. Na juya shi, na sake juyawa, na ce, "Baiwar Allah, nuna mini inda kwanon asalin yake, in san gefen da zan kama."

Amma shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce ta fari na biyu, wajen shekara goma bayan na farko. Wannan ta fi matse mu, domin an rufe iyaka. Kun san mazan garin nan, da an gama girbi sai Kano, sai Kaduna, sai Ikko, a yi cin rani a aiko gida da abin cefane. A shekarar ba girbi, ba hanya. Mutum ya kai Ɗan Barto ya tsaya yana leƙen Daura, ya juyo. Ni ma dalmata da tol, wato fallen ƙarfen da muke yanka, duk daga Kano ake kawo mini, suka yanke. Gwamnati ta ce mafita ɗaya ce, noman rani. A sauka fadama, a haƙa rijiyoyi, a shuka abin da zai yi kafin damina.

Wata safiya ina zaune ina gyara hannun wata buta, sai ga wani matashi a kan babur, da wani gardi a bayansa rungume da wani abu kore. Sunansa Mushe Garba, Mushe ɗin nan Malam ne da Faransanci, ma'aikacin wani poroje, wato shiri, na noma, sabon fitowa daga makaranta, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Yaro ne mai ladabi, sai dai duk abin da zai yi sai ya duba wani littafi da ke aljihunsa. Ya ajiye abin a gabana ya ce, "Malam Idi, ka san wannan?"

Na ce, "Buta ce da ta yi girman kai."

Ya ce, "Arozuwar ake ce mata. Da ita ake ban ruwa a lambu. Ruwa na fita ta kan nan kamar yayyafi, ba ya tone iri. Daga Turai aka kawo ta."

Ya bayyana mini cewa poroje ya yi odar irinta da yawa, suna can bakin teku ba a san ranar zuwansu ba. Ga shi kuma nan da kwana goma sha biyu wani babban hafsan soja zai zo ya buɗe lambun da aka shata a fadamar hanyar Kurni. An riga an rubuta a takarda cewa akwai arozuwar arba'in. Yanzu abin da ya rage shi ne a same su.

Na ce, "Mushe, ba tol, ba dalma."

Ya dubi gardin, gardin ya dubi sama. Ya rage murya ya ce, "Malam Idi, ni ma haka na so in faɗa a biro, can ofishinmu. Na buɗe baki, sai na ji na ce to."

Ku da kuka tashi yanzu kuna zagin shugabanni a wayar hannu ba za ku gane ba. A lokacin ba a cewa ba zai yiwu ba. An sha ɗaukar mutum a mota kan abin da bai kai wannan ba, iyalinsa su yi ta yawo da kwanon tuwo ba su san ƙofar da za su kai ba. Ni ma sai na ji na ce to.

Ni kaɗai ba zan iya arba'in a kwana goma sha biyu ba, kuma mai sana'ar ɗaya ne ban da ni a garin, Mamman Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a unguwarsu. Tare muka koyi aiki. Da Baba Ɗanjuma ya rasu, ni na ɗauki babban almakashinsa, shi ya ɗauke uwar maƙera, kowa na cewa shi ne magaji. Shekara tara ba abin da ke haɗa mu sai sallama, ita ma a taƙaice. Ni ina bugu a kan wani tsohon gatarin mota, shi yana yanka da wani almakashi da ko kunnen jaki ba zai yanka ba. Na wanke ƙafa na je rumfarsa, na ajiye arozuwar a gabansa na faɗa masa yadda ake ciki.

Ya ce, "Kai aka ba aiki. Ina ruwana?"

Na ce, "Da Mushe ya tambaye ni ko akwai wani, na ba da sunanka. An rubuta."

Ya harare ni. Sannan ya ce, "Allah ya isa. Kawo almakashin."

A ranar uwar maƙera da almakashi suka sake kwana rumfa ɗaya. Sai maganar abin da za a ƙera da shi. Mamman ne ya tuna da garwar man girki ta agaji, wadda ake rabawa tare da jar dawa. Ƙarfenta mai kyau ne, kuma jikinta a haɗe yake, ba ya yoyo. Garwa ɗaya ta zama ciki, ta biyu a fasa a fitar da hanci da kai da mariƙi. Ke nan tamanin muke nema. To, garwar nan duk tana hannun mata, da ita suke ɗebo ruwa, kuma ba mai rabuwa da tata don an ce gwamnati na so.

Muka ɗauki Mushe Garba muka tafi wurin Inna Hajo. Ita ce shugabar matan unguwannin gabas, gwauruwa, mai tuyar ƙosai a da, kafin wake ya ɓace. In ta yi magana a bakin kasuwa ana jinta a tasha. Ta saurare mu har muka gama, ta ce, "Garwa tamanin ba wuya. Amma goma cikin butocin na mata ne, kuma a yanka mana fili kusa da rijiya, ba can ƙarshe wajen ƙaya ba."

Mushe ya zaro littafinsa ya ce, "Inna, takarda ta ce magidanta za a ba."

Ta ce, "To madalla, ɗan nan. Je ka magidantan su ba ka garwa."

Ya mayar da littafin aljihu. Kafin magariba garwa tamanin da uku na jibge gaban rumfata, ukun ta ce gyara ne.

Saura dalma. Muka bi duk tsofaffin gwangwanaye da fitilun da ke bola, muna ƙona bakinsu muna tatsar 'yar dalmar da ke jiki, ɗigo ɗigo, muka haɗa da ta cikin mataccen batir. Ba ta isa ko rabi ba. Nan Mamman ya fito da abin da ya koyo a Kano wata shekara da ya je cin rani, ya kuma ɓoye mini tsawon shekarun nan. Kalmasa ce irin ta tela, amma a ƙarfe. Ka lanƙwasa bakin wannan, ka lanƙwasa na wancan, ka sarƙa su, ka sake ninkewa, ka buge. Ruwa ba ya samun hanya, dalma kuwa sai ɗan abin da za a shafa a gindin hanci. Na kalli hannunsa sau biyu ina yi kamar ba kallo nake ba. Ya ce, "Matso ka gani da kyau, kada wuyanka ya ƙage."

Ni kuma nawa shi ne kan, wurin hujin nan. Ga wanda bai sani ba, huda gwangwani da ƙusa wasan yara ne. To, daga ciki ake hudawa zuwa waje, a kan itace mai taushi, don bakin hujin ya tura ruwa gaba. Na tsakiya a miƙe, na gefe a ɗan karkace, sannan ruwa zai buɗe kamar laima. In huji ya yi faɗi, ka tone irin mutane. In ya yi ƙanƙanta, ya toshe. Na duba ta Turai na ga hujinta kamar na allura. Na ce wa Mushe wannan don ruwan famfo aka yi ta, ruwan rijiyar fadama da yashi yake zuwa. Ya ce littafi ya ce a bi samfur daidai. Na ce to. Da ya tafi na ɗan ƙara faɗin, na kuma yi kan yadda za a iya cire shi a kakkaɓe a mayar. Kowace muka gama sai mun cika ta da ruwa mun gwada a kan busasshen rairayi. Inna Hajo kuwa kullum tana nan da la'asar, duk ta huɗu da ta fito sai ta sa a zane ta wuce da ita, har goma ɗinta suka cika.

Saura kwana biyu muka gama. Yatsunmu duk sun tsage, amma ga arozuwar talatin a jere suna ƙyalli. Mushe Garba ya zo ya zagaya su. Bai lura da hujin ba. Abin da ya tsaya masa rubutun da ke jikin garwar ne, da harshen masu agajin, manya manyan baƙaƙe. Ya ce an rubuta kyauta ce, ba ta sayarwa ba. Ya ce in babban baƙo ya gani zai iya cewa mun karkatar da kayan agaji, ko ya ce mun kunyata ƙasa da kayan bola. Kuma samfur kore ne. Dole a shafa fenti.

Na ce, "A shafa, Mushe, amma don Allah kada a taɓa kan."

Aka kwashe su zuwa biro. Aka samo ragowar koren fentin da aka shafa wa tagogin lakwal, wato makarantar boko, ya yi kauri kamar kunun kanwa, ga kananzir ɗin da za a tsinka shi ya yi wuya. Gardin da aka ba aikin ya ga burushi na ɓata masa lokaci, sai ya riƙa cire kan yana tsomawa cikin fentin ɗungurungum yana mayarwa. Wannan daga baya muka ji. An aika wa Inna Hajo ta kawo goman nan a shafa, ta ce duk an ara, sai bayan biki.

Ranar buɗe lambu gari ya fito kaf. An share fili, an dasa salati, wato latas, a kwanukan shuka tun jiya da yamma, makaɗa na ta aiki, 'yan lakwal na riƙe da tutoci. Aka jera manoma talatin, kowa da koriyar arozuwar cike da ruwa a gabansa, an ce kada wanda ya taɓa sai baƙo ya fara. Ni da Mamman aka tsayar da mu gefe, kowa ya sa rigar sallarsa. Wajen hantsi motoci suka iso. Hafsan ya sauko, dogo, da baƙin tabarau, takalminsa na ƙyalli har kana ganin fuskarka. Aka yi jawabai da Faransanci, aka fassara, muka tafa. Sannan Mushe Garba ya ɗauko arozuwar ta farko da hannu biyu ya miƙa masa.

Ya karkata ta kan salatin. Ba abin da ya fito. Ya ƙara karkatawa. Shiru. Na ji makaɗa sun fara rage hannu. Ya girgiza ta, ya ɗaga gindinta sama gaba ɗaya, sai ruwan ya kwararo ta bakin da ake cikawa, ya bi wandonsa tun daga gwiwa, ya cika takalman nan tam. Ganga ta tsaya cak. Mutum wajen dubu, amma kana jin ruwan na tsiyaya daga ƙafarsa.

Ya ajiye ta a hankali, ya cire tabarau, ya ce da Hausa, "Wa ya ƙera wannan?"

Gardi ya nuna mu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin Malam Mamman ne. Gwani ne, har Kano ya yi karatun abin. Ni ɗan riƙe masa ƙarfe kawai na yi."

Mamman ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tawali'u ne irin na Malam Idi. Duk Matamai an san shi ne magajin maigidanmu. Musamman wajen huji, babu na biyunsa."

Shekara tara ina jiran in ji wannan magana daga bakin Mamman, sai ga ta ta zo a ranar da ba na bukatarta.

Hafsan ya dube ni, ya dube shi. Sai muka ji wata murya a bayanmu. Mushe Garba ne ya fito tsakiyar fili, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Mon kumandan, ba laifinsu. Ni na sa aka shafa fenti. Malam Idi ya gargaɗe ni." Ya ci gaba da bayani da Faransanci. Wannan yaron tun daga ranar nake ganin girmansa.

Bai kai ƙarshe ba sai ga Inna Hajo ta keto taro, mata tara na biye da ita, kowace da arozuwar ɗinta fara tas, rubutun agaji a fili. Wani jandarma ya tare ta, ta ratse shi kamar labule. Ta zo gaban hafsan ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan gusa kada in jiƙa ka." Ta dubi wandonsa ta ƙara da cewa, "Ko da yake an riga ni."

Wani ya yi tari a cikin taro, irin tarin da ke ɓoye dariya. Ta karkata butar. Ruwa ya buɗe kamar laima, ya sauka a kan salatin shar shar, ko ganye ɗaya bai kwanta ba. Sauran matan suka bi sahu.

Hafsan ya miƙa hannu ta ba shi. Ya juya ta, ya karanta rubutun, ya cire kan ya leƙa, ya shafa kalmasar Mamman da babban yatsa. Ya tambaye ni da me muka liƙa, na faɗa masa, har tatsar dalma daga bola ban ɓoye ba. Sai ya zauna a bakin rijiya ya cire takalman, ya zazzage ruwan, ya naɗe ƙafar wando, ya sa aka cika masa butar, ya shayar da kwanon shuka guda da kansa, ƙafa ba takalmi. Da ya gama ya juya ga manyan da suka rako shi ya ce, "Wata nawa muna rubuta takarda muna jiran jirgi, ashe abin na bayan ɗakin matan nan. Kuma shi ne kuka shafa wa fenti don kada in gani."

Ya ba da umarni biyu. Na farko, Mushe da gardinsa su buɗe hujin nan ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta faɗi. Na biyu, duk garwar agajin da ta ƙare a yankin a tara ta a kawo wa maƙeran nan biyu, kuma a kafa musu koperatib, wato ƙungiyar haɗin gwiwa, tunda ya ga suna girmama juna.

Kowane kai huji sittin ne, sau talatin. Muka ari allurai wurin wani tela, muka zauna gindin wani gawo mu huɗu, don ba za mu bar yaron shi kaɗai ba. Gardin ya soke yatsansa ya fi sau goma, ba wanda ya ce masa sannu.

Lambun ya yi. Ba zan ce muku ya kori yunwa ba, an yi rashi a shekarar, kuma garkunan da suka tafi ba su dawo ba. Amma gidaje da yawa da suka ɗaure kaya za su bar gari sun kwance. Matsalar da ba littafin da ya hango ita ce irin da aka raba. Shu ne, wato kabeji, da karas, da dankalin Turawa, abubuwan da yawancinmu ba mu taɓa sa wa a baki ba. Wani dattijo daga wajen Ɗan Barto ya yi ta ban ruwa wa shu ɗinsa har ya ƙulla kai kamar tulu, yana jira ya fitar da 'ya'ya. Da aka ce masa ganyen ake ci, ya ce shi ba a haife shi akuya ba. Bayan kwana uku aka gan shi yana neman ƙari. Mata suka gano a yanka shi a kwaɗanta da gishiri da yaji da ɗan ƙuli in an samu. Ciki ya cika, sai dai shu yana da magana bayan an ci. Har liman ya yi nasiha ranar Juma'a cewa masu lambu su riƙa jinkirta alwala sai an kusa tayar da salla.

Mu kuwa aiki ya dawo. Daga Kurni, daga Yauri, daga Kance ake zuwa da garwa biyu a koma da arozuwar ɗaya. Sai maganar koperatib, wadda umarnin soja ce, ba makawa. Mushe Garba ya zo da takarda ya ce dole a yi zaɓe a fitar da shugaba. Mambobi biyu ne, ni da Mamman. Ya yayyaga takarda ya ce kowa ya yi alama a asirce, layi ɗaya Idi, layi biyu Mamman. Aka buɗe, ɗaya da ɗaya. Aka sake, ɗaya da ɗaya.

Na ce, "Haba Mamman, a gaban mutum dubu ka ce ni ne magajin maigida."

Ya ce, "Kai ma a gabansu ka ce riƙe mini ƙarfe kawai kake yi."

Muka yi zaɓe sau biyar a yinin nan. Mushe ya dafe kai, ya ce gobe da safe takardar za ta tafi Damagaram, kuma ba za ta tafi da gurbi ba. Inna Hajo na zaune kan wata garwa tana jiran a gyara mata mariƙi, ta ji duka. Ta ce, "Ɗan nan, takardar ta ce sai maƙeri ne zai yi shugaba?"

Ya zaro littafinsa, ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Ba ta ce ba, Inna."

Ta ce, "To rubuta Hajo."

Muka dubi juna ni da Mamman. Kowannenmu ya ga ai ba ɗan'uwansa ne ya ci ba, sai muka ɗaga hannu tare. Matar da ba ta taɓa riƙe guduma ba ta shugabance mu shekara goma sha ɗaya, har Allah ya karɓi abarsa, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta yaushe wa'adinta zai ƙare.